Shaidar Gwaggo Tamo

Dakoro, daren Laraba.

Dosiyen takarduna na konkur, wato jarrabawar shiga ƙwarewa a likitancin mata, ya kusa cika, sai takardar haihuwata da gara ta cinye. Tunda a ruga aka haife ni, can Tagriss, dole na kai shaidu gaban alƙali. Na tafi da Kawu Illa da Gwaggo Tamo, wadda ta yanke mini cibiya.

Da alƙali ya tambayi Gwaggo ranar da aka haife ni, ta ce, "Ranka shi daɗe, ban riƙe wata ba. Ranar dai muka kai uwatai makwancinta."

Ni kuwa ce mini aka yi zazzaɓi ya ɗauke Inna ina rarrafe.

Wasiƙar da na bayyana wa malaman Yamai dalilin zaɓen wannan fanni tana gabana, shafi biyu cur. Duk surutu ne.