Sunan da Inna Ta Ƙi Faɗa

Nuzla, Jidda

Zuwa ga Gwaggona Mansura, a Gadarif,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Allah Ya kawo muku ƙarshen wannan tashin hankali na Sudan, Ya ƙara miki sauƙin gwiwa. Mu nan alhamdu lillahi. Tun da aka rushe unguwarmu ta Karantina muna ɗakuna biyun nan na Nuzla, ni da ƙanena Bandar da mahaifiyarki Inna, wadda har gobe take cewa ruwan unguwar nan ba ya dafa wake.

Gwaggo, damuwa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kin san akwatin takardun Baba ya salwanta ranar da muka kwashe kaya. Yanzu Bandar ya sami kafili, wato mai tsaya masa, mai son gyara masa iƙama, takardar izinin zama, ya ba shi wata biyu ya kawo fasfo. A ofishin fasfo aka ce sai ya faɗi garinmu na asali da sunan wanda ya fito daga can, a nemi dangi su shaida. Bandar ya ce mu Hausawi ne, kamar yadda Larabawa ke kiranmu. Ma'aikacin ya yi murmushi ya ce duk waɗanda ke layi ma haka. Idan wata biyun nan suka cika, ban san inda za a kai shi ba, shi da bai taɓa wuce garin Ɗa'if na nan kusa ba.

A asibitin da nake aiki akwai wata nas, Ilze Berzina, 'yar wata ƙasa mai sanyi da ake kira Latbiya. Ta gan ni ina hawaye a ɗakin wanki, na gaya mata. Ta ce su ma kakanninta manoma ba su da sunan dangi sai kimanin shekara ɗari biyu da suka wuce, da aka 'yanta su daga hannun masu gonaki. Wasu suka ɗauki sunan bishiya ko tsuntsu, wasu sunan gidan gonar da suke zaune. Nata na wata bishiya ce mai farin ɓawo. Da sunan nan ta bi littattafan cocinsu har ta gano gonar, ta nuna mini hotonta tsaye a bakin rijiyar. Ta ce in nemi mafi tsufa a gidanmu in tambaya kawai. Kawai, in ji ta. Ba ta san Inna ba.

Inna kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga baban mijinta Kaka Na'ibi, tsohon da ya taho da Kaka a ƙafa daga ƙasar Hausa. Shekara biyu tana kai masa tuwo kafin ya rasu. Ta ce da sunansa da na garinsu a haɗe ake kiransa, don haka duka biyun ba sa fita daga bakinta. Da na roƙe ta, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, tsohuwa mai shekara tasa'in, ta ce ita ba ta yi lalacewar da za ta kama sunan surukinta ba. Na ce ta raɗa mini a kunne, ta ce kunne ma ji yake yi. Bandar ya durƙusa yana haɗa Hausarsa da Larabci, ta shafa kansa ta ce ta kusa tarar da mutumin a lahira, da wane ido za ta dube shi. Na yi fushi, na yi lallashi, na ji kunyar kaina.

Shi ya sa na juyo gare ki. Ke jikarsa ce, kunyar nan ba ta hau kanki ba. Idan kin taɓa jin sunan a bakin Kaka, ko rabinsa ne, ki taimaka ki aiko da gaggawa. Abin da ban gaya wa Bandar ba shi ne, Inna ta fara rikicewa. Shekaranjiya da sunanki ta yi ta kirana. Yanzu in ta ja mayafin nan, ban san ko kunya take ji ba, ko kuwa sunan ne ya riga ya ɓace mata take ɓoye mana.

Ki gaida Malam Abdulghaffar da Latifatu da Rahma. Bandar yana gaishe ki. Ki saka shi a addu'a.

Taki,
Mastura