Sun Cire Innarmu Daga Fim Ɗin Ƙanwata

Anti Ma'u, ki taimake ni, dabarata ta ƙare. Ni dillalin dabbobi ne a kasuwar Babura, shekara ashirin ba wanda ya taɓa cusa min rago mai tari, amma ga 'yan fim sun kwantar da ni.

Ƙanwata Shahida, Allah ya jiƙanta, ta bar littafin almara guda, na aljanu da mayaƙa a duwatsun Kazaure. A ciki akwai wata tsohuwa marar suna. Duk sanda jarumin ya ɓata, sai ta ɓullo da ƙwarya, ta kurɓi ruwan kafin ta miƙa masa, ta ɓace. Har yau masu karatu na gardama, mutum ce ko aljana. Mu a gida mun sani, Innarmu ce. Ita ce ba ta ba ɗanta ruwa sai ta ɗanɗana. Inna ba ta karatu, Shahida ke karanta mata wurin, tana dariya tana cewa sharri ake mata.

Da furodusa ya zo neman mayar da littafin fim, na ja ciniki kamar na bijimi, amma ban tambayi abin da za a yanke ba, na sa hannu. Jiya ya nuna min fim ɗin, babu tsohuwa! Wai 'yan kallo ba sa son abin da ba a bayyana ba. Ranar Asabar za a haska a Kazaure, Inna har ta ba da ɗinki, za ta je ganin kanta. In ce mata an ɗage? Juya magana ba ya min wuya, amma ban taɓa yi wa Inna ba.

Dillali, Babura.

Malam Dillali, Allah ya gafarta wa Shahida. Kada ka ce an ɗage, labarin zai riske ta a bakin wani. Furodusan bai cuce ka ba, fim ɗin awa biyu ba ya ɗauke littafi duka. Kai ma kana da gaskiya, abin da ya yanke shi ne zuciyar littafin a wurinku.

Ka faɗa wa Inna tun kafin Asabar, a ɗakinta, ku biyu, ta zaɓi zuwa ko zama. Ka roƙi furodusan ya sadaukar mata da fim ɗin a farkonsa, layi ɗaya ne. Sannan ka ɗauko littafin ka zauna kusa da ita. Tsohuwar tana nan a shafinta, mai karanta mata ce Inna ta rasa. Ka zame mata.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya sanyaya zukatanku.