Jajayen Ƙwayoyin da Ka Aiko Ba Kwali

Ɗana,

Maƙwabciyata mai ɗinki ce ke rubutawa, ni ke faɗa, na kuma ce kada ta gyara min magana. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya tsare min ku. Ƙanwarka ta sauka lafiya, mace aka samu. Kwana uku wayarka ba ta shiga, shi ya sa na ba direba takarda.

Kawunka yana asibiti. Ka san tun da zuciyarsa ta taɓu aka ɗora shi kan maganin tsinka jini. Makon jiya bayansa ya riƙe, ko ruku'u ba ya iyawa. Na buɗe gwangwanin madarar da nake tara magani, na ɗebo jajayen nan da ka aiko min na ciwon gwiwa, ina ba shi biyu safe biyu yamma. Mura ta kama shi, na ƙara masa da wasu farare na kemis. Ban gaya wa mai kemis yana shan wani abu ba, shi ma bai tambaya ba. Ranar Talata ya yi aman jini a ƙofar bayi. Ni na wanke wurin.

An ƙara masa jini leda biyu, har yanzu jinin bai tsaya ba. Likitar ta ce akwai magungunan da ba a haɗa su a ciki ɗaya, ta tambaye ni sunan abin da na ba shi. Na ce ja ne. Fararen dai mai kemis ya faɗi sunansu. Jajayen kuwa kai ka ɓare su daga kwalinsu ka zuba a leda wai kada kaya su yi yawa, kuma sun ƙare, ko ɗaya babu da zan nuna mata. Ta ce tana son sunan da gaggawa.

Kada ka aiko min da kuɗi ko ban haƙuri. Sunan nan kawai nake binka. Nemo kwalin ko a bola yake, in babu koma shagon da ka saya. Ka kira lambar mai ɗinki da ke ƙasan takardar nan.

Ka gaida matarka da takwarata, ka gaida surukarka, kuma in ka ba ta irin jajayen nan ka karɓe.

Kawun nan naka shi kaɗai ya rage min a 'yan ɗakinmu. Da hannuna na ba shi, yana haɗiya yana sa min albarka.

Mahaifiyarka