Na Gyara Littattafan da Lafiyarsu Ƙalau

Gwaggo, don Allah ki taimake ni kafin ranar Alhamis. Murna da tsoro sun haɗu sun hana ni sakat, na rasa wanda zan fara saurara.

Ni mai gyaran littattafai ce a wani laburare na jama'a. Shekarata goma sha tara a ɗan ɗakin da ke bayan matakala, daga ni sai allura da zare da gwangwanin gam da injin yanka takarda. Duk littafin da ya yage ko bangonsa ya ɓalle, wurina ake kawo shi. Ba a taɓa dawo mini da aiki ba, kuma ba na barin abokan aikina su manta da hakan.

Wata biyu da suka wuce aka ba mu kyautar kwali guda na littattafan labari cikin zane, irin na ƙasar Japan da matasa ke kira manga. Labari ɗaya ne, an kasa shi littafi ashirin. Ina ɗaukar na farko na ga bangon gaba yana baya, na baya yana gaba. Na duba na biyu, haka yake. Na ce ashe shi ya sa aka ba mu kyauta, masu bugawa ne suka yi kwaɓa aka rasa inda za a kai. Ban tambayi kowa ba. Wa zan tambaya, alhali ni ce gwanar? Na sa su a inji na yanke ɗinkin dama, na mayar da shi hagu. Har wani shafi mai kibiyoyi da ƙananan rubutu na cire, a zatona talla ce. Goma sha biyu na gama aka jera a kanta, ina ta hura hanci.

Wata Asabar na tafi da na goma sha uku gida don in rage aiki, na ajiye shi a kan tabarma na shiga ɗora girki. Inna, mahaifiyata, a wurina take tun rasuwar Baba. Ba ta yi boko ba, karatunta na Larabci ne, kuma shekara biyu ke nan dariyarta ta yi wuyar ji. Sai ga dariya na jiyo daga falo, irin tata ta da, wadda take haɗawa da dukan cinya. Na fito da ludayi a hannu. Inna ta buɗe littafin daga dama, yadda take buɗe na addu'o'inta, tana bin zanen gida-gida da yatsa daga dama zuwa hagu. Ko harafi ɗaya ba ta karanta ba, amma ta ba ni labarin tas: wata mata ce mai raba wasiƙu a kan keke, tana bin wani dattijo gari-gari da wasiƙa guda, duk inda ta isa sai a ce mata jiya ya tashi. Na ce mata ai littafin a juye yake. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Wanda bai iya buɗewa ba ne zai ce haka."

Na zauna na bi yatsarta, sai ga komai yana tafiya daidai. Na nemo shafin nan mai kibiyoyi, ashe bayanin yadda ake karantawa ne. Girkin ma ranar ƙonewa ya yi.

Amma Gwaggo, daɗin da ya biyo baya! Cikin kwana goma muka cinye takwas ɗin da ban taɓa ba. Ni in karanto mata rubutun, ita ta nuna mini abin da idona ya tsallake, har ta gano dattijon ɗingishi yake tun kafin a faɗa. Yanzu ƙawayenta uku suna zuwa bayan la'asar, a baje a tabarma ana musu ko gudun wasiƙar yake yi. Inna ta koma cin abinci da marmari. Ni kuma wani tunani ya shige ni: me zai hana mu ware wa tsofaffi irinsu rana guda a laburare, su da suke ganin wurin ba nasu ba ne? Har kujeru na ƙirga!

Ga inda matsalar take. Goma sha biyun da na taɓa, tunda ta hagu suke buɗewa, masu karatu ta hagu suke bin zanen. Amsa takan zo kafin tambaya, matar ta faɗi daga keke kafin ta yi karo da akuya. Ƙorafi ya yi yawa. Shugabanmu, wanda da ma bai ɗauki littafin zane a bakin komai ba, ya ce shirme ne, ranar Alhamis zai nemi kwamiti ya kwashe su duka, ya kuma hana karɓar kwali na biyu da aka yi mana alkawari. Bai san hannuna ne ba, don ɗinkin ya yi kyan da ba mai ganewa. In na yi shiru, sunana ya tsira, littattafan su tafi. In na yi magana, ina tsoron takardar gargaɗi, ina tsoron dariyar waɗanda na daɗe ina yi wa gori. Kullum da safe kuma Inna sai ta tambaye ni littafi na ɗaya, ni kuwa in ce an ara. Ƙarya nake wa uwata, kuma abin yana ci mini rai.

Taki,
Mai Allura da Zare

*

'Yata Mai Allura,

Na yi dariya har na share hawaye, sannan na taya ki murna. Dariyar uwa ta dawo bayan shekara biyu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tsoronki yana kan hanya. Kin taɓa kayan jama'a ba tare da tambaya ba, kuma in shugaba ya ba ki takarda bai zalunce ki ba. Shi ma kada ki ga laifinsa. Abin da aka kai masa shirme ne da gaske, ke kika mai da shi haka. Sai dai yanka littattafan kuskure ne, shirun da kike shirin yi kuwa da gangan ne. Kuskure ana yafe shi, amma ranar da wani matashi ya gano hannunki a ciki bayan an kwashe su, sunan da kike karewa ba zai tsira ba.

Kada ki jira taron kwamiti. Ki same shi a ofishinsa kafin Alhamis, shi kaɗai, don kada ya ji an kunyata shi a gaban mutane. Ki riƙe littafi biyu, wanda kika taɓa da wanda ba ki taɓa ba. Ki fara da laifinki a taƙaice, ba kuka ba kame-kame. Sannan ki nemi izini, na ce izini, ki mayar da ɗinkin littafi ɗaya dama ya gani kafin ki taɓa sauran, ki manna wa kowanne ɗan bayanin yadda ake buɗe shi. Maganar ranar tsofaffi ki ajiye ta sai ya huce. In ya saurara, ki roƙe shi ya bar Inna ta zo ta karanta shafi biyar a gabansa. Ba ki da hujjar da ta kai yatsarta.

Abokan aiki za su yi miki tsiya, kuma kin san kin ci bashinta a bakinsu tun tuni. Ki riga su dariyar, mako guda za su gaji.

Amma kafin shugaba, Inna. Yau ki gaya mata ba wanda ya ari littafin, 'yarta gwana ce ta juya shi. Za ta yi miki dariya, kuma ai dariyar tata kike nema. Allah ya sanyaya zuciyar shugabanku, ya ƙara wa Inna lafiya, ya sa littafi na ɗaya ya iso hannunta yana buɗewa ta dama.

Gwaggonki