Sandunan Baban Zahra'u

Gusau, ranar Litinin.

Zuwa ga Yaya Wasila,

Ki gafarce ni da zan ɗora miki damuwata, alhali hidimar gidanki ma ta ishe ki. Da a waya zan faɗa, to Baban Zahra'u yana kwance kusa da ni, kuma ciwon nan hannu da ƙafa ya taɓa, bai taɓa kunne ba. Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, yaya Alhaji da yara da mutanen Tsafe? Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin san tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye bayan babbar Sallah, ba abin da ke ɗaga shi daga katifa sai lalura. To makon jiya Marta, maƙwabciyarmu mai aikin jinya, ta shigo duba shi, ta hango wata doguwar jaka a bayan kabad. Sandunan wasan golf ne da wani maigidansa ya ba shi lokacin yana aiki a Kaduna, bai taɓa koyo ba. Tana zaro ɗaya, mutumin nan ya yunƙura ya zauna. Nan take ta yanke cewa ga abin da zai riƙa tsayar da shi, kuma mijinta Amos ya iya wasan. Tunda ni ke riƙe shi in ya miƙe, wai ni zan fara koyon tsayuwar don in riƙa daidaita shi.

Amos ya tsaya a zaure yana ɗaga murya, bai shigo ba, wannan kam na yaba masa. Marta ce ke juya ni. Yaya, ni da Malam ya tsula wa bulala a makarantar allo don kawai na miƙe ƙafa a zaune, yau ni aka ce in ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, in sassauta gwiwa, in sunkuya daga ƙugu baya a miƙe, in tura mazaunai baya kamar agwagwa. Marta tana dariya tana cewa in ƙara turawa. Hannuwa kuma in sake su suna reto kamar ba nawa ba. Da aka zo riƙo, hagu ce ke fara kama sandar, ita ce a sama, babban yatsa kwance bisa sandar, sannan dama ta biyo daga ƙasa. Wane irin abu ne dama ke bin hagu? Har safar fata ake sa wa hagun ita kaɗai, kuma ba wanda ya iya gaya mini fatar wace dabba ce. Ranar na yi ta wanke hannu. Duk wannan fa ba a kai ga bugun ƙwallon ba, Amos ya ce tsayuwar ita ce rabin wasan.

Ina cikin wannan hali matan da nake ɗora wa karatu da la'asar suka yi sallama. Huseina, mai bakin nan, ta dube ni sama da ƙasa ta tambaya ko sabon ruku'u ne Malama ta samo. Ban iya haɗa ido da kowa ba har muka tashi.

Roƙona shi ne, in Yazid ɗanki ya shigo Gusau da mota ran Alhamis, ya biyo. Zai tarar da jakar a zaure cikin buhu. Ya tafi da ita, ki yi yadda kika ga dama. Ba zan yi wa Baban Zahra'u ƙarya ba. In ya tambaya, zan ce ba sa gidan nan, in yi shiru.

Ki gaida Alhaji. Ƙanwarki,
Sa'adiya.

Gusau, ranar Lahadi.

Yaya Wasila,

Ga ni kuma, ki ƙara haƙuri da ni. Ina fatan kun tashi lafiya. Na gode da kuka da daddawar da kika ba Yazid, Allah ya saka.

Ranar da Yazid ya tafi da jakar, sau ɗaya Baban Zahra'u ya tambaya, na ba shi amsar da na ce miki. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya juya fuska bango. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Kunu ma sai na yi ta lallashi.

Ran Juma'a na ɗora sanwa, ruwa ya tafasa, na nemi muciya sama da ƙasa ban gani ba. Ina leƙawa bayan ɗaki sai ga shi tsaye, ya jingina da bango. Shi kaɗai ya fito, ban san yadda ya yi ba. Ya ware ƙafafu, ya kafa kan muciyata a ƙasa, dab da bakin kwata inda ruwan wanke-wanke ke bi. Yana ɗaga hannun hagun da na dama yana ɗorawa, yana zamewa, yana sake ɗorawa.

Niyyata in karɓe kayata. Amma da na matsa sai na ga ƙafarsa ta hagu ta ja baya, kafaɗa ta karkace, yana gab da faɗuwa. Na durƙusa na jawo ƙafar ta yi sahu da 'yar'uwarta, na ce ya sassauta gwiwa, na kwantar masa da babban yatsa yadda Marta ta yi mini. Yaya, yatsun nan da nake buɗewa ɗaya bayan ɗaya in zan yi masa alwala, su ne suka rufe a kan muciyar da kansu. Na saki, ba ta faɗi ba. Ya ɗago ya tambaye ni ko mazaunan sun fita yadda ya kamata. Mutum mai jikoki. Na ce sun fita, Allah ya shirye shi.

Ranar shinkafa muka ci, don muciyar ba za ta sake shiga tukunyata ba. Marta ta ce ta yi masa kauri kuma ta yi gajarta, za ta ja masa ciwon baya, sai dai sandunan gaske.

Yazid ya ce Alhaji ya ba ƙanensa na Kekun Waje, can ƙasar Bungudu, jakar, wai ɓeraye suke kashewa da su a rumbu. Ban ci abincin dare ba da na ji, don na san ni zan wanke su. Ra'ayina bai sauya ba, har gobe ƙyamar tsayuwar nan nake yi, kuma na mayar da karatun mata hantsi don kada Huseina ta sake riska ta. Amma don Allah ki sa a je Bungudu a karɓo su. Ko guda ɗaya ce ta rage a miƙe, a kawo. Safar kam su riƙe.

Jiya ya sake tambaya, bakina ya riga ni, na ce suna hanya. Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa gaya masa abin da ba shi ne ba. Ki taimake ni da amsa da wuri.

Ƙanwarki,
Sa'adiya.