Babin da Mijina Ya Ƙi Cirewa

Goggo Tam, don Allah ki taimake ni. Na tsufa da kai kukana jarida, amma duk wanda na gaya wa a nan Springvale, unguwar da mutanenmu suka taru a ƙasar Turawa, labarin zai riga ni isa kasuwa.

Mijina, bari in kira shi Khiem, tun da ya bar aikin masana'anta ya duƙufa wajen rubuta labarin ƙuruciyarsa a ƙauyensu na Quang Tri, can ƙasarmu ta asali. Muka buga kwafi kaɗan don dangi, ga ɗaya nan na haɗo miki. Yawancinsa abin dariya ne. Akwai ɓaunarsu ta noma wadda ba ta tsallaka rafi sai an yi mata waƙa, da kamun ƙaguwa a fadamar shinkafa, da yadda uwarsu take dafa rogo da ɗan barbaɗin shinkafa ta ce musu haka sarakuna suke ci. Akwai kuma ƙanensa Ti, mai wawulo, ɓarawon gwaibar maƙwabta.

Jikarmu Vi shekararta goma. Tana koyon harshenmu a makarantar Asabar, tana karatu da kyar, tana cin wasulla kamar Baturiya. Duk Lahadi sai ta hau gadon kakanta ta karanta masa littafin, yana gyara mata, yana ce mata mai bakin agwagwa, ita kuma tana ce masa tsoho mai kunnen ɓauna. Tun da aka gano ciwon huhunsa ban ƙara jin dariyarsa ba sai a ranakun nan. Likita ya faɗa mini a gefe cewa da wuya ya ga sabuwar shekara.

To, Vi ta ƙallafa rai a kan Ti. Kullum tambayarta ina yake yanzu, yana da jikoki? Ba ta san abin da ke gaba ba. Bayan an daina harbe-harben yaƙin ƙasarmu, Ti yana ɗan shekara shida ya tsinci ɗaya daga cikin ƙananan bama-baman nan da muke kira gwaiba, a bakin gona, ya fashe a hannunsa. Khiem ne ya goyo shi zuwa gida. Bai ɓoye komai ba a babin: inda hannun ya guntule, warin, ɗumin da ya ji yana bin bayansa. Har ya rubuta cewa a hanya yaron yana roƙonsa kada ya gaya wa Inna rigarsa ta yage. Ni da na ga irin wannan da idona, sai da na kwana biyu ban iya cin nama ba.

Saura babi biyu su kai wurin, 'yarmu Uyen, uwar yarinyar, ta ɗauki littafin ta duba. Ta shigo ɗakin ubanta fuskarta kamar toka. Ta ce masa ita ba ta manta ba, duk ranar da ta rage shinkafa a kwano tana ƙarama sai ya ba ta labarin Ti, har ta kai ba ta iya taka ciyawar filin makaranta. Ta ce, "Baba, ni na girma da gawar ƙanenka a kan teburin cin abinci. 'Yata ba za ta gaje ta ba."

Ni na ce a tsallake babin kawai, ko a yanke shi da reza. Khiem ya juya fuskarsa bango. Ya ce Ti ba shi da hoto, kabarinsa ma ambaliya ta share, ba inda ya rage sai a shafukan nan. "Idan kuka cire shi, kun kashe shi sau biyu."

Tun ranar Uyen ba ta ƙara kawo yarinyar ba. Takan aiko da miya, takan kira ni ta tambayi maganinsa, amma ba ta neman a ba shi wayar. Shi kuma ya daina cin abin kirki. Yana zaune yana kallon ƙofa, in na yi magana ya ce ba kowa yake jira ba. Vi ta kira ni a ɓoye tana tambaya ko laifi ta yi. Har na yi tunanin in ɗauko ta daga makarantar Asabar in kawo ta su ƙarasa ba da sanin uwarta ba. Wani lokaci ina ganin Uyen ta cika taurin kai, mu da muka rayu cikin abin ai ba mu mutu ba. Wani lokaci kuma in tuna yadda take fitsarin kwance har ta kai aji huɗu.

Ki gaya mini gaskiya, littafin nan ya dace da yarinya kamar Vi? Wa zan bi, miji mai barin duniya ko 'yar da za ta rage mini?

Kakar Vi, Springvale

Yaya Kakar Vi,

Na karanta littafin. Mijinki marubuci ne na gaske, kuma kusan dukkansa zan miƙa wa kowane yaro ɗan shekara goma hankalina kwance. Ban da wannan babin. Yarinya kamar Vi za ta iya ɗaukar labarin cewa Ti ya mutu, har da abin da ya kashe shi. Yara sun fi mu jure gaskiya idan an faɗa musu a hankali, a jikin wanda suka yarda da shi. Abin da ba za ta iya ɗauka ba shi ne ta furta waɗannan kalmomi da bakinta, harafi bayan harafi, a gaban kakan da shi ma take gab da rasawa.

Kada ki yanke shafi ko ɗaya. Khiem yana da gaskiya, littafinsa ne, ƙanensa ne. Kada kuma ki ɗauko yarinyar a ɓoye. Ranar da Uyen ta gane, kin rasa su biyun, a lokacin da za ki fi bukatarsu. Ita ce uwa, ita ke da ta cewa, kuma ba taurin kai ba ne. Ta gaya muku abin da labarin ya yi mata, ba wanda ya ce mata sannu.

Daga nan za ki fara. Ki gaya wa mijinki ba tare da kwana-kwana ba cewa ya ɗora wa 'yarsa kayan da ya fi ƙarfin wuyanta, ko da bai yi da mugunta ba. Ya kira ta da kansa ya faɗi haka. Idan numfashi bai ba shi dama ba, ya faɗi kalma biyu, sun isa.

Sannan ki je wurin Uyen ke kaɗai, ki yi mata alkawarin ba za a buɗe littafin ba sai da izininta, ki roƙe ta ta dawo da yarinyar. Ki ba ta shawara ita ce za ta gaya wa Vi ƙarshen Ti, da kalmominta, don yarinyar za ta ci gaba da tambaya, kuma gara ta ji daga uwarta. Shi kuma babin, Khiem ya karanta shi ki ɗauki muryarsa a waya, ki damƙa wa Uyen ta adana har ranar da ta ga Vi ta isa. Ta haka Ti bai ɓata ba, yarinyar kuma ba ta cutu ba.

Mai yiwuwa Uyen ta yarda da zuwan ta ƙi sauran. Ki karɓa, kada ki yi ciniki. A yau ɗin nan kuma ki kira Vi ki gaya mata ba ta yi laifin komai ba.

Takarda tana iya jiran shekara goma, Yaya. Mijinki ba zai iya ba. Ina yi masa fatan sauƙi, ke kuma ƙarfin zuciya, da fatan sauran kwanakinsa za su same ku duka a ɗaki ɗaya.

Goggo Tam