Umarnin Goge Manhaja da Awon Burtalin Geza

Zuwa ga Shugaban Sashen Fasaha na ƙungiyarmu ta awon gonaki da burtali, Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, Yallaɓai, da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatanka. Na rubuto maka a fili ne saboda wasiƙu biyu da na aiko ta ofis ba su samu amsa ba, kuma akwai abokan aiki a wasu ƙananan hukumomi da takardar umarninka ke hannunsu har yau. Ina so su karanta wannan kafin su taɓa wayoyinsu.

Ni ne mai kula da manhajar awo a ofishin Bagudo. Kafin nan na yi shekaru ina tace labarai a gidan jarida, don haka zan kawo abin da ya faru bi da bi, har da inda laifin nawa ne. Zan fara da abin farin ciki: awon burtalin Geza yana nan, ko ɗigo ɗaya bai ɓace ba. Alhamdu lillahi.

1. Ma'aikatanmu huɗu suna zagaya iyakar gona da ƙafa, waya tana ɗaukar wurin. A garuruwan da ke kusa da iyakar ƙasar Binin waya kan kama layin can, data ba ta aiki, saboda haka awon yana zaune a cikin wayar sai mai ita ya shigo Bagudo ya tura. Bana ruwa ya yanke hanya, aikin mako bakwai ya taru ba a tura ba. A wayar Malama Rabi, ma'aikaciyarmu ta Geza, akwai awon burtalin da manoma da makiyaya suka daɗe suna rikici a kansa. Kwana uku Ardo Umaru da dattawan manoma suka yi suna tafe tare da ita, ana tsayawa ana gardama ana kafa turke, kafin a yarda da kowane taku. Yanzu ruwa ya shanye turakan. Shaidar da ta rage ita ce wadda ke cikin wayar nan.

2. Ana cikin haka ofishinka ya aiko da sabuwar kwamfuta, da sabon zubin manhajar da muke rubuta aikinmu mu haɗa shi a cikinta. Aka ce kowa ya koma kansa, a fitar da sabuwar manhajar awo kafin bikin ranar 'yancin kai, domin a nuna wa manyan baƙi. Ban ƙi ba. Tsohon zubin ya tsufa, kuma sabon ya fi shi sauri. Amma da na buɗe aikin a cikinsa sai ya ƙi haɗuwa, allon ya cika da jan rubutu. Wasu ɓangarorin da muke arowa daga waje ba su dace da sabon zubin ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, in canza guda in gwada in rubuta sakamako a littafi, don kada in gyara uku a tare in rasa wanda ya yi maganin. Kwana huɗu na yi, rabinsu jiran layin intanet ne. Ranar Litinin aikin ya haɗu.

3. Sai babbar matsalar ta fito. Na ɗora sabuwar manhajar a kan tsohuwa a wayar gwaji, waya ta ƙi karɓa. Na sanar da ofishinka a ranar. Washegari takarda ta zo ga dukkan ma'aikata kai tsaye, ba ta hannuna ba: a goge tsohuwar manhaja, a sa sabuwa. Yallaɓai, a Birnin Kebbi wannan shawara daidai ce, domin wayoyinku suna tura awo a ranar da aka ɗauke shi. A nan, goge manhajar yana tafiya da duk abin da ba a tura ba. Na buga wa ma'aikata na ce kada kowa ya goge. Na samu uku. A kan wannan ne aka ba ni takardar tuhuma cewa na bijire wa umarni.

4. Ga yadda na gano dalilin. Na sauko da tsohon zubin a kan sabuwar kwamfuta, na haɗa tsohon aikin ba tare da canza ko harafi ba. Waya ta sake ƙi. Wannan ya nuna mini cewa matsalar ba a rubutunmu take ba, ba kuma a sabon zubin ba, akwai wani abu da aka bari a tsohuwar kwamfuta. Kowace manhaja idan an haɗa ta ana buga mata hatimi, kuma waya ba ta yarda a ɗora sabuwa a kan tsohuwa sai hatimin ya zama ɗaya. Wanda ya fara aikin nan kafin zuwana bai yi mana hatimi na musamman ba. Ya yi amfani da na wucin gadi, wanda kowace kwamfuta ke ƙirƙira wa kanta ta ɓoye a wani lungu. Sabuwar kwamfuta ta ƙirƙiri nata daban. Shekara biyu ina haɗa manhajar nan ban taɓa tambayar da wane hatimi take fita ba. Wannan sakacina ne, kuma na karɓe shi.

Tsohuwar kwamfutar kuwa tana sito, an manna mata takarda cewa motar Alhamis za ta kai ta wurinku a wanke ta, wato a share duk abin da ke cikinta. Ranar Laraba na je wurin Malam Sani mai sito. Ya ce shi kayan da aka sa wa lamba ba ya fita ko da uwarsa ce ta zo, amma ba a hana shi bai wa baƙo kujera ba. Ya jawo mini benci da wayar wuta, ya tsaya a kaina yana cewa in yi sauri kafin a ce shi ma ya bijire. A nan cikin sito, tsakanin buhunan turaka, na kwafe ɗan fayil ɗin hatimin, wanda bai kai girman hoto ɗaya ba. Na haɗa aikin da shi, wayar gwaji ta karɓa.

Ranar Juma'a Malama Rabi ta iso, rabin hanya a kwalekwale, wayar a ƙulle cikin leda biyu. Ta ce tun da na buga mata ko ƙanenta ba ta bari ya riƙe wayar ba, kuma Ardo ya aiko sau biyu yana tambayar lafiyar wayar, bai tambayi tata ba. Na ɗora sabuwar manhaja, muka buɗe, burtalin ya fito daga bakin fadama har tudu. Muka tura shi nan take. Ban san na gaji ba sai da na ga alamar ya isa.

5. Mutum na huɗu shi ne Malam Bello na Bahindi. Wayarsa tana kan layin Binin lokacin da nake nemansa, amma takardarku ta riske shi ta hannun wani direba da ya samu ratsawa. Ya yi abin da aka umarce shi. Awon gonaki goma sha ɗaya ya tafi. Ba shi da laifi ko kaɗan, kuma ina roƙon kada a rubuta masa komai.

Buƙatuna ga su. A janye takardar gogewa yau, a rubuce, ta hanyar da aka aika ta. Kada a wanke tsohuwar kwamfutar kowane ofishi sai an kwafe hatiminta, domin ina kyautata zaton ba mu kaɗai aka gina a kan na wucin gadi ba. Nan gaba, kafin a koma sabon zubi, a bar tsohon yana aiki a gefe har a gwada a kan waya mai ɗauke da awon da ba a tura ba, kuma a zaɓi lokacin da hanya take biyuwa, ko da biki zai wuce. Takardar tuhumata kuma na bar maka ka duba ta da abin da ka karanta a nan.

Na rubuta matakan kwafe hatimin a shafi ɗaya, da Hausa, na ajiye a ofishinmu. Duk abokin aikin da ke buƙata ya aiko a ba shi.

Gonakin Bahindi sai ruwa ya janye. Ni da Malam Bello za mu sake taka su, kuma sai mun sake tara masu su da maƙwabtansu a kan kowace iyaka, mu yi musu bayanin dalili. Zan so wani daga ofishinka ya zo ya tsaya tare da mu a ranar.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da aikin nan lafiya, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya tsakanin manomi da makiyayi.

Wassalam.

Naka,
Garba, ofishin awo na Bagudo.